Jawabi A Kan Yaranmu Masu Karatun Ilmin Muhalli

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyaye da 'yan'uwa mazauna Sabo.

Abin da ya tsai da mu gabanku yau, maganar yaranmu biyu ce da suka sami gurbin karatun ilmin muhalli a Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta. Mun ji wasu na cewa wai karatun shara ne, ina ma likita ko lauya. Har mahaifin ɗayansu ya ce gara yaron ya zauna masa a rumfar goro.

To jama'a, mu ba 'yan boko ba ne, amma mun tambaya. A can ana koya musu auna ruwan rijiya a gane ko akwai guba a ciki, da yadda hayaƙi ke gurɓata iska, da dalilin ambaliya. Wa ya manta da ɓarnar da kogin Ogunpa ya yi wa Ibadan a 1980, muna yara? Ta 2011 fa? Ruwan sama ikon Allah ne, ba mu musu, amma shara da gine-ginen bakin kogi su suka toshe masa hanya. Ku leƙa kwatocin unguwar nan, ledojin "pure water" ne cunkus.

Batun aiki kuwa, tun 1992 doka ta ce ba a kafa babbar masana'anta sai an binciki illarta ga muhalli. Masu wannan karatu ke yin binciken.

Saboda haka muna roƙon kowane mai rumfa ya kawo abin da ya sawwaƙa wurin ma'ajin ƙungiya bayan sallar Juma'a, a biya musu kuɗin rajista. Mahaifin yaron kuma, dattawa za su same shi gida.