Kurangar inabi da maganin da take haɗa wa kanta



A 1878 wata cuta ta ɓulla a gonakin inabi na Faransa, daga Amurka ta zo. Ganye ya yi ɗigo-ɗigo kamar an zuba masa mai, bayansa kuma ya yi fari fat da fumfuna. Cutar ruwa take so, tana iyo a kan jiƙaƙƙen ganye har ta samu ƙofar da yake numfashi ta kutsa.

Sai dai kurangar ba ta naɗe hannu. Da zarar ta ji baƙo, sai ta fara haɗa wani sinadari mai suna resberatirol, wanda masu bincike Langcake da Pryce suka gano a ganyen inabi a 1976. Shi kansa ba wani ƙarfi gare shi ba. Sai kurangar ta sarrafa shi ya koma biniferin, sannan yake zama dafi ga cutar. Sauri ne ke raba gardama. Inabin dajin Amurka, da ya daɗe yana gumurzu da cutar, yakan kashe 'yan ƙwayoyin ganyen da ta taɓa, ta rasa abinci. Na Turai kuwa kafin ya farga an ci gari.

Tun 1885 manoma ke fesa ruwan tagulla da farar ƙasa, haɗin masani Millardet na Bordo. Tagulla kuma ba ta ruɓewa, taruwa take a ƙasa, har Tarayyar Turai ta taƙaita ta zuwa kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai. A ganina an makara wajen komawa ga kurangar kanta. Sai a 2018 Faransa ta yi rajistar irin inabi na Floreal da Artaban, masu buƙatar feshi kaɗan.