Dajin Takeita da gonakin da ke kewaye da shi



Malamaina, iyayena, shugabannin ƙungiya, ƴan uwana matasa maza da mata, ina gaishe ku. An ba ni ƴan mintoci in yi magana kan daji, sai na zaɓi guda wanda da yawanmu mun sha wuce shi cikin mota: dajin Takeita, kimanin kilomita 50 yamma da birnin Damagaram, kusa da mararrabar da hanyar Matamaye ta rabu da babbar hanyar Maraɗi. Faɗinsa ya ɗan haura hekta 6,000, kuma tun zamanin Faransawa aka keɓe shi a matsayin gandun gwamnati.

Maganata guda ce: ƙaramin daji irin wannan ba ya tsira shi kaɗai. In gonakin da ke kewaye da shi ba su da itatuwa, to daji ne zai biya bashin.

Ku duba abin da ake nema a cikinsa. Mace na son iccen girki, magini na son dirka da azara, makiyayi na son ciyawa da inda zai tsayar da garke da damina, lokacin da ko'ina shuka ce. Mai magani na son saiwa da ɓawo. Kowa da gaskiyarsa. Amma sabara da geza da kalgo ba sa girma da saurin gatari. In icce ya ƙare, sai a koma ƙona kara da kashin shanu, wato abincin gonar kenan aka sa a murhu. Gona ta gaji, hatsi ya ragu, manomi ya matsa cikin daji ko cikin burtali, sai rigima da makiyayi ta tashi. Kun ga yadda abin yake zagayawa ko?

Tsohuwar doka ta ƙara dagula lamarin. Da, icce na hukuma ne, har wanda ya fito a gonarka. Ka sare shi, jami'in gandun daji ya ci ka tara. To wa zai raini abin da ba nasa ba? Shi ya sa iyayenmu ke sassabe tas kafin shuka, a ƙone, har ana yabon mai gona fes.

Farin 1973 da yunwar 1984, wadda tsofaffi ke kira El-Buhari, su suka farkar da mutane. A 1984 ɗin aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a Maraɗi, zamanin Seyni Kountché. A wannan tsakanin ne wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsiron da ake sarewa duk shekara toho ne na kututtura masu rai, saiwarsu na can ƙasa. Daga nan sassaben zamani ya yaɗu: a kowane kututture ka zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi, ka rage sauran, ka kare su daga awaki. Babu sayen iri, babu ban ruwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa manoman Nijar, musamman na jihohin Maraɗi da Damagaram, sun maido da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 ta wannan hanya. Doka ma ta biyo baya: a 2020 gwamnati ta fitar da ƙuduri da ya tabbatar wa manomi haƙƙin itatuwan da ya raina a gonarsa.

Wanda ya bi ta Matamaye, Magariya ko Mirriya ya ga gawo birjik cikin gonaki. Gawo na zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa. Ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore, ƴaƴansa su ciyar da tumaki. Gonar da ke da gawo da kalgo tana ba uwar gida icce kusa da gida, sai daji ya samu ya numfasa.

Shi kansa dajin Takeita, a shekarun 1990 ƙauyukan kewaye da makiyaya suka zauna, da tallafin SOS Sahel, suka kafa ƙungiyar Ku Taya Ni don kula da shi tare da hukuma. Sunan kawai ya isa darasi.

To mu fa, mi ya rage mana? Ina roƙon abu huɗu. Na ɗaya, duk wanda zai je gida hutun bazara, ya karɓi adda ya yi sassaben zamani a gonar gidansu, ko da kututture ashirin ne. Na biyu, iccen da muke dasawa ran 3 ga Agusta, a sa masa mai kula da suna, a yi masa shinge, a koma duba shi cikin watan Afrilu, don a nan ake sanin wanda ya rayu. Na uku, mu ƴan birni mu tuna amalanken iccen da ke shigowa unguwarmu daga wani daji ya fito. Mu taimaki iyayenmu mata da murhu mai tsimin icce ko gaz, gwargwadon hali. Na huɗu, in ana zaman shata burtali ko iyakar daji a ƙauyenku, ku halarta. Kun yi lakkol, kuna karanta takarda da Faransanci. Ku fassara wa dattawa abin da za su sa wa hannu, kuma ku tabbatar an kira makiyaya da mata.

Ƙasar nan amana ce, kuma ƙannenmu za su tambaye mu inda muka kai ta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.