Hasken Da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya kwana a tsakar gida a Bakori da bazara ya san yadda taurari ke cika sama. To, abin da muke gani kaɗan ne. Akwai wani haske, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, yana fitowa daga taurarin da suka fashe. Iskar da ta lulluɓe duniya ke tare shi, kuma rahama ce, da ya illata mu. Shi ya sa a 2012 hukumar NASA ta Amurka ta harba na'urar hangen nesa NuSTAR can sama da iskar, ta riƙa ɗauko mana hotonsa. Kun ga ikon Allah ko? Sai mako mai zuwa.