Kulob ɗinmu na gudu da gasar kilomita 21 ta gari

Jawabin da aka gabatar a zaman matasa na bikin tunawa da kafa ƙungiya



 Maganar da aka ba ni ta shafi ƙaramin kulob ɗin gudu da ke cikin ƙungiyarmu, waɗannan da kuke gani suna fita bayan asuba suna zagaye unguwa kafin rana ta ɗaga. Tambayar ita ce: in gari ya shirya gasar rabin gudun fanfalaki, ta wace ƙofa za mu shiga?

Bari mu fara da sanin abin. Cikakken gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, tsawon da aka yi a wasannin Olamfik na Landan a 1908, daga baya ya zama ƙa'ida. Rabinsa kilomita 21 ke nan da mita 97 da rabi. Wanda ya san filin wasa na Janar Seyni Kountché a Yamai, ya ƙiyasta zagaye 52 da ɗoriya a kan layin gudu na mita 400. Gwanayen duniya, yawancinsu daga Kenya, Habasha da Uganda, suna gamawa cikin ƙasa da awa ɗaya. Mutum irina da irinku da ya yi shiri yana cin awa biyu, ko biyu da rabi. Kuma Nijar ba baƙuwa ba ce a dogon gudu: Abdou Manzo ya wakilci ƙasar nan a fanfalakin Olamfik har sau uku, a 1984, 1988 da 1992.

To, da an ce gasa, abin da ke zuwa a ran matashi shi ne lamba a ƙirji da kyauta a hannu. Wannan ƙofa ɗaya ce. Gasar titi tana tsayuwa ne a kan mutanen da ba su gudu ko taku ɗaya: mai miƙa ruwa, mai tsare mararraba, mai rubuta lamba, mai ɗaukar wanda ya faɗi. Babbar gasar rabin fanfalaki ta Ingila da ake kira Great North Run, wadda aka fara a 1981 a Newcastle, dubun-dubatar mutane ke gudunta, amma ba don masu aikin sa kai ba da ba ta yiwu ba. Shawarata a gare ku ita ce, kulob ya shiga da masu gudu kaɗan da suka shirya sosai, sannan ya karɓi aiki guda ɗaya a kan hanya ya riƙe shi daga farko har ƙarshe.

Abu na farko, a je da wuri. Irin wannan gasa takan fito daga ma'aikatar magajin gari, ko reshen hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta ƙasa, ko ofishin matasa da wasanni na jiha, wani lokaci da tallafin wani kamfani. Wata uku kafin ranar, mutum biyu ko uku su ɗauki wasiƙa mai hatimin ƙungiya su kai. Kada ku je ku ce "mun zo mu taimaka" kawai, don mai shirya gasa bai san abin da zai yi da wannan maganar ba. Ku ce: mu mutum 25 ne, ga sunayenmu da lambobin waya, goma za su yi gudu, goma sha biyar za su riƙe tashar ruwa ɗaya, cikinmu akwai ƴan agaji huɗu da suka yi horo. Sannan ku tambayi abubuwa biyar: ƙarfe nawa za a tashi, ina hanya ta bi, mutum nawa ake jira, ina motar ɗaukar marar lafiya za ta tsaya, kuma wa za a kira in wani abu ya faru. In sun ce za a tashi ƙarfe tara na safe a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ku faɗa musu cikin ladabi cewa wannan hatsari ne. Hunturu, Disamba zuwa Janairu, da sanyin safiya, shi ne lokacin da ya dace da ƙasarmu.

Abu na biyu, masu gudu. Kilomita 21 ba ta san ƙarfin hali ba, shiri ta sani. Wanda ya riga ya saba da kilomita biyar yana buƙatar kamar mako goma sha biyu. A fita sau uku ko huɗu a mako: biyu gajeru, a hankali, yadda za ka iya hira da na gefenka, ɗaya mai ɗan sauri, ɗaya kuma dogo a ƙarshen mako, ana ƙara masa kilomita ɗaya ko biyu har ya kai 16 ko 18. Kwana goma na ƙarshe a rage, a bar jiki ya huta. Ku duba kalanda tun yanzu, don azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. In ya faɗo cikin makonnin shiri, a sassauta, a mayar da gudun bayan shan ruwa.

Kowane mai gudu ya je likita ya duba shi, ko da masu gasar ba su nemi takarda ba. Mai amosanin jini, wato sikila, mai ciwon zuciya ko hawan jini, mai asma, kada ya ɓoye. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi a makon gasar, ya haƙura, akwai baɗi. Yaran da ba su kai shekara 18 ba a sa su a kilomita biyar ko goma, in akwai. Takalmi kuwa, na gwanjo ma ya isa in ya zauna a ƙafa, amma kada a sa sabo ranar gasa. Abebe Bikila na Habasha ya ci fanfalakin Rum a 1960 ba takalmi, gaskiya ne, amma kai ba ka taso kana gudu haka ba, kuma kwaltarmu akwai ƙusa da kwalba.

Akwai maganar da dole in faɗa a fili, don mun san abin da ke yawo a wasu fadodi. Wani zai ce maka ka haɗiyi tramol ba za ka ji gajiya ba. Ciwo da gajiya su ne ƙararrawar da jiki ke bugawa. Ƙwaya tana kashe ƙararrawar, wutar kuma tana ci. Tramol yana iya jefa mutum cikin farfaɗiya a tsakiyar titi. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Duk wanda zai sa rigar kulob ɗinmu ya san wannan sharaɗi ne.

Abu na uku, kuma a nan zan daɗe, tashar ruwa. Ƙa'idar gasar titi ita ce a samu abin sha kusan kowace kilomita biyar. In an ba ku zaɓi, ku nemi ta kilomita 15, don a nan ne ƙafa ke nauyi, rana ta fara cizo, kuma a nan ake fi buƙatar mutane masu natsuwa. Ku yi lissafi: in masu gudu 500 ne, ku tanadi aƙalla leda biyu ta ruwa ga kowa, dubu ke nan, ɗaya ya sha, ɗaya ya zuba a kai. A ajiye su cikin inuwa, cikin kula ko babban baho da ƙanƙara. Ku zo awa ɗaya kafin tashi. Kada a tara teburi wuri guda. A jera su nesa da juna, masu miƙawa su tsaya layi ɗaya a gefen titi, hannu a miƙe, ba mai shiga gaban mai gudu. Mutum biyu aikinsu kawai shara da tsintsiya da buhu, saboda jiƙaƙƙiyar leda a kan kwalta tana kayar da mutum, in an bar ta kuma awaki su ci, ko ta toshe magudanar ruwa. A ajiye ruwan gishiri da sukari a gefe ga mai buƙata: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Wanda ke tashar ruwa shi ne idon likita. Ku dubi fuskoki. Mai gudu da ya fara tangaɗi kamar mai maye, ko ka yi masa magana ya ba ka amsar da ba ta da kai, ko ya rikice bai san inda yake ba, ko ya faɗi, wannan zafi ne ya buge shi, kuma yana iya kashe matashi lafiyayye cikin ɗan lokaci. Me za a yi? A fitar da shi daga titi zuwa inuwa. A sassauta masa tufa. A yi ta kwarara masa ruwan sanyi a jiki duka, a sa ƙanƙara a wuya, hammata da matsematsi, a yi masa fifita. Mutum ɗaya ya kira motar asibiti nan take. Sanyaya jiki ake fara yi tun kafin mota ta iso, ba a jira. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki, sai ya shaƙe. A kwantar da shi a gefe ɗaya. Kuma don Allah a kori ƴan kallo da masu ɗaukar hoto da waya, iska yake buƙata. Kafin ranar, ku roƙi Croix-Rouge ta Nijar ko ƴan kwana-kwana su ba ku horon yini ɗaya. Ƴan agajinmu sun saba da taron jama'a. Wannan ƙarin ilimi zai amfane su har a wasu wurare.

In an ba ku mararraba maimakon ruwa, ku sani tsayar da mota aikin ɗan sanda ne da jandarma. Naku shi ne nuna wa mai gudu hanya, da lallashin ɗan kabu-kabu, mai adaidaita, mai amalanke da mai kora dabbobi su dakata minti biyu. Wannan aikin ana cin rabinsa tun kafin ranar: a gaya wa mai unguwa, a bi masu shaguna da ke bakin hanya, a sanar da shugabannin ƴan kabu-kabu sa'ar da za a rufe da sa'ar da za a buɗe. Mutumin da aka sanar da shi jiya ba ya faɗa da kai yau.

Ƴan uwana mata, wannan aiki har da ku. Mace in ta faɗi a hanya, mace ƴar uwarta ya kamata ta kama ta, don haka kowace tasha tana buƙatar mata biyu aƙalla da suka yi horon agaji. Mai son gudu kuma, da yardar iyayenta, akwai dogon wando da riga mai yalwa da ɗankwali marar nauyi da ake gudu da su. Sifan Hassan, haifaffiyar Habasha mai gudu wa Holan, ta ci zinaren fanfalaki a Paris a 2024, kuma da lulluɓinta ta hau karɓar lambar, duniya na kallo.

Maganar kuɗi gajera ce. Kuɗin rajista, ƙanƙara, buhunan shara, riguna iri ɗaya: a rubuta komai, a fara tara dala-dala tun wata uku, a nemi ɗan kasuwar unguwa ko mai kamfanin ruwan leda ya ɗauki wani abu. Ma'aji ya riƙe littafi, bayan gasa ya karanta wa kowa abin da ya shigo da abin da ya fita. Kulob da yawa jika biyar da ba a san inda ta shiga ba ce ta watsa su.

Sai abin da nake so ku riƙe fiye da komai. Na gaba za su wuce tasharku kamar iska, ƙila ko ruwan ba za su karɓa ba. Wanda ya fi buƙatarku shi ne na ƙarshe: dattijon da ke ja da ƙyar, yarinyar da wannan ne karonta na farko, wanda ya iso bayan awa biyu rana ta take. In ya tarar an naɗe teburi, ruwa ya ƙare, kowa ya tafi kallon raba kyauta, to kun ci amanarsa, kuma a nan ne ake rasa rai. Ba mai barin wurinsa sai motar da ke bin na ƙarshe ta wuce. Bayan nan a share wuri tas, a ƙirga kaya, a mayar da abin aro.

Cikin mako guda a rubuta wa masu gasar shafi ɗaya: ga abin da muka yi, ga ruwan da ya tafi, ga mutum nawa muka taimaka, ga abin da ya kamata a gyara. Baɗi su za su neme ku, kuma lokacin za ku iya cewa a matso da sa'ar tashi, ko a ƙara tseren yara, a saurare ku.

Takardar sunaye tana wurin sakatare a bakin ƙofa, layi biyu ne: masu gudu da masu tsayuwa. Kowa ya rubuta sunansa a ɗaya kafin ya fita. Allah ya ba mu lafiya, ya kai mu ranar.