Dutsen Zuma a Hannun Mai Zane



Yau batunmu gyaran zane ne. Ku dubi Dutsen Zuma. In mai zane ya datse ƙasan hotonsa, titin Kaduna ya ɓace, garin Madalla ya ɓace. Sai dutse shi kaɗai, ba a san mai shi ba.

Gyara yana ragewa, gyara yana mayar da haƙƙi. A 1999 Babban Bankin Najeriya ya fito da takardar naira ɗari, ɗauke da dutsen, an rubuta Abuja. Jihar Neja, mai dutsen, ta koka, aka goge kalmar.

Don haka, jama'a, in kun ga zane, ku tambayi abin da aka cire.