Kududdufin Unguwarku Na Waye? Maganar Bakin Ruwa Da Filayen Jama'a A Musawa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba.

Yau maganar tsara gari za mu yi, musamman unguwannin da ke bakin ruwa. Na san wani zai ce, Malam, a Musawa wane bakin ruwa? Mu da ba Legas ba, ba teku gare mu ba? To ka tsaya. Duk unguwar da take gefen kududdufi, ko rafi, ko kwarin da ruwa ke bi da damina, unguwar bakin ruwa ce. Ka duba cikin garin Musawa, ka duba Jikamshi, Dangani, Tuge, Gingin. Ka leƙa Malumfashi da Funtuwa. Da wuya ka samu tsohon garin da babu irin wannan wuri a cikinsa ko a gefensa. Kuma wuraren nan su ne ake ta cikewa da bola ana yankawa fuloti, mu kuma muna kallo.

Bari mu fara daga tushe. Daga ina kududdufi ya samo asali? Kakanninmu da ƙasa suke gini. Inda aka haƙi ƙasar tubali da ta yaɓe, nan rami ya zauna. Gari na girma, rami na faɗi. Damina ta zo, ruwan da ya gangaro daga indararo da lunguna ya tarar da masauki. Can zai kwanta, a hankali yana nitsewa ƙasa, rijiyoyin unguwa suna samu. Da rani dabbobi su sha, magina su ɗiba. Ba injiniyan da ya zana wannan a takarda, amma tsari ne, kuma ya yi aiki shekaru aru-aru.

Ba kududdufi kaɗai ba. Garin Hausa na da dandali, da ƙofar fada, da filin idi, da burtali na dabbobi, da mashaya, da hurumi. Hurumi fili ne da aka yarda na kowa ne, ba wanda zai kewaye ya ce nasa. Ashe tsara gari ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Turanci kawai aka sa masa daga baya.

To me ya canza? Bulo da siminti suka zo, aka rage haƙar ƙasa, sai aka ga kamar kududdufi ya gama aikinsa. Jama'a suka ƙaru. Ga matsalar tsaro da ta koro 'yan uwanmu da dama daga ƙauyuka zuwa cikin gari, kowa na neman inda zai sa kansa. Fili ya yi tsada. Sai ido ya koma kan ramin nan. Yau a zuba shara, gobe a zuba ɓaraguzan gini, jibi tifa biyu ta ƙasa, gata sai ka ga an kafa turaku.

Abin da ake mantawa shi ne lissafin ruwa. Ku ɗauki biro, lissafin ba wuya. Ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. A ce rufin gidanku murabba'in mita 100 ne, aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya. Lita 5,000 ke nan daga rufin gida ɗaya. Jarka 200 ta mai lita 25. Gida 1,000 kuma lita miliyan 5. A da, rufin ƙasa da tsakar gida ta ƙasa suna shanye wani abu, suna rage wa ruwan gudu. Yanzu kwano ne a sama, siminti a ƙasa, ruwan gaba ɗaya waje yake fitowa, kuma a lokaci guda. Ina zai je? Inda ya saba zuwa. In ya tarar an gina ɗaki a wurin, ɗakin zai shiga. In an daga ginin ya yi tudu, sai ya juya gidan maƙwabci, wanda galibi shi ne mai ginin ƙasa. Ruwa ya kwanta a gindin katanga kwana biyu, ta jiƙe daga ƙasa, cikin dare ta zauna. Da safe a ce tsautsayi. Eh, komai da ƙaddara, amma wani tsautsayin tun ranar da aka kafa turaku aka gayyato shi.

Ba nesa za mu je neman misali ba. A tsakiyar watan Yulin 2018, ambaliya ta afka wa Jibiya cikin dare. Fiye da mutum 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka lalace. Allah Ya jiƙansu. A jiharmu ne wannan. A watan Agustan 2022 ruwa ya shiga Kasuwar Kantin Kwari a Kano ya lalata kaya masu ɗimbin yawa, kuma 'yan kasuwar da kansu sun yi ta kuka da gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa. A Satumban 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangaren Maiduguri. A Mayun 2025 Mokwa ta jihar Neja ta yi asarar mutum fiye da 150. Kowane da sanadinsa, amma a ko'ina waɗanda suke kwance a hanyar ruwa su suka fara biya. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, ka san abin da aka ce ka yi.

Yanzu a yi adalci. Wanda yake zaune gefen kududdufi zai ce mini, kai da kake yabonsa, zo ka kwana nan wata ɗaya. Gaskiyarsa. Sauro a nan yake haihuwa. Yaran da ke wanka a ciki suna ɗaukar tsargiya, har wasu na ganin fitsarin jini kamar alamar girma ce, alhali cuta ce da ake kamuwa da ita daga ruwan da ke da dodon koɗi mai ɗauke da ƙwayar. Gefensa ya zama makewayi. Kuma damina da dama sai ka ji yaro ya faɗa wani rami ya rasu. Saboda haka duk wanda ya ce a cike, ba mugunta ce ta sa shi faɗa ba. Ya gaji ne. Sai dai cikewa tana ɗauke warin daga hancinka ta kai ruwan ɗakin wani. Akwai hanya ta uku, wato a gyara.

Kafin na zo kan gyaran, ku ji labarin garuruwa biyu. A Kano, rafin Jakara, wanda Kasuwar Kurmi ta zauna a gefensa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ya koma kwata saboda ƙazanta. A zangon mulkin Kwankwaso na biyu aka fara aikin rufe shi da kankare a ɗora titi a kai. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu ma sun yi haka da wani rafi mai suna Cheonggyecheon, har da gadar sama suka ɗora. Amma a 2003 suka rushe gadar, suka tone rafin, a 2005 suka buɗe shi ya zama wurin shan iska a tsakiyar birni. Kuɗi masu yawa suka kashe, kuma har yau da inji ake turo masa yawancin ruwan. Darasin da na ɗauka: abin da ka binne yau da tifa goma, jikanka zai kashe ninkin-ba-ninkin kafin ya tono shi. Mu a Musawa muna da sa'a ɗaya, da yawan wurarenmu ba a kai ga binnewa ba tukuna.

To yaya gyararren bakin ruwa yake a gari irin namu? Ba fulawoyi da fitilu masu launi nake nufi ba.

Na farko, iyaka. A gano inda ruwa ke kaiwa a shekarar da ya fi cika. Tsofaffin unguwa sun sani, ku tambaye su. A ƙara tazara a kan wannan, a kafa turakun kankare, a ce daga nan zuwa ruwa hurumi ne.

Na biyu, mashiga da mafita. Inda kwata ke zubowa a yi ƙaramin rami mai tare yashi, a sa raga mai tare leda, a riƙa kwashewa. A ɗaya gefen a yi mafitar da za ta kai rarar ruwa zuwa rafi. Kududdufin da ba shi da mafita, ranar da ya cika lungu ne mafitarsa.

Na uku, gaɓa. Gaɓa mai tsaye kamar bango ita ke cin yara. A kwantar da ita ta zama gangare, a yi matakala a inda ake ɗibar ruwa, a dasa ciyawar jema don saiwarta tana riƙe ƙasa. Inda ke da zurfi a killace.

Na huɗu, a raba wa kowa gefensa. Mashayar dabbobi daban da hanyar da za ta kai su, masu buga bulo da masu wankin babur daban, kuma bakin mai kada ya shiga ruwan. A yi banɗakin jama'a nesa da gaɓa, don in ba a yi ba, duk sauran aikin banza ne.

Na biyar, inuwa da wurin zama. Bedi, mangwaro, tsamiya, da dakali a ƙarƙashi, da fitila mai sola. A nan ina so 'yan uwana maza mu tambayi kanmu: a garin nan, ina ne wurin da mace za ta zauna da 'ya'yanta ta sha iska ba tare da an bi ta da ido ba? Majalisa tamu, filin ƙwallo namu, teburin mai shayi namu. In za a tsara fili, a tambayi iyayenmu mata da ƙannenmu tun farko, a ware musu gefe da lokaci.

Sai babbar tambaya: mutanen da suka riga suka yi gini a wurin fa? A nan ake zalunci da sunan tsara gari. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki a Legas ta rushe Maroko, unguwar talakawa a bakin ruwa, aka raba kimanin mutum 300,000 da matsuguninsu. Yau wurin yana cikin filaye mafi tsada a Nijeriya. Ruwan bai hana masu kuɗi zama ba. Kada mu bari a yi mana ƙaramin Maroko. Wanda ya gudo daga ƙauye ya sayi fuloti mai araha a kwari, ba shi ya yanka filin ba. In dole ne ya tashi, a ba shi wani wurin kafin a taɓa katangarsa. Wanda za a fara tuhuma shi ne wanda ya sayar da wanda ya sa hannu.

Wa ke da alhakin sa hannun? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen birane a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a wuraren da ba a ayyana su birni ba. Akwai dokar tsara birane ta ƙasa ta 1992, jiha kuma tana da hukumar tsara birane. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Akwai kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na dala miliyan 700, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma aikinsa gyaran ƙasa da ruwa ne. Doka akwai, ƙofofin da za a ƙwanƙwasa akwai. Wanda ya zo da takarda a hannu, da hoto da sa hannun mutanen unguwa, shi ake saurara.

Ga aikin da nake roƙon mu yi, kuma ba ya buƙatar kwangila. Matasan kowace mazaɓa su haɗu, mutum biyar ma sun isa. Ku zagaya ku ƙirga kududdufai da hanyoyin ruwa da filayen jama'a, ku rubuta sunan da aka san kowane da shi. Ku ɗauki hoto a watan Agusta lokacin da ya cika, ku sa alamar wurin a Google Maps. A Google Earth akwai tsofaffin hotunan sama, ku gwada da na yanzu ku ga nawa aka cinye. Sannan ku je wurin Mai Unguwa da Dagaci, cikin ladabi, ku ce: ranka ya daɗe, mun zo ne a taimaka mana a tsare wa jikokinku wannan wuri. Daga nan kansila, daga nan sakatariya. Ku bar kwafi a kowane ofis, ku karɓi shaidar an karɓa. Ba zagi a Facebook, ba kiran sunan kowa. Dattijon da ka kunyata a bainar jama'a ba zai sa maka hannu ba.

Kai kuma ɗan uwa mai tara kuɗin fuloti don aure, kada ka sayi fili da rani. In ka gani da rani, ka koma ka gan shi bayan ruwa mai ƙarfi. Ka tambayi tsohuwar da ke maƙwabtaka, Inna, da can mene ne a nan? In ta ce rami ne, ka riƙe kuɗinka. Araha ba ta ado.

A nan za mu tsaya. Ku rubuto mana a ƙasa: a unguwarku kududdufi nawa kuka taso kuka gani, nawa suka rage? Ku faɗi sunan garin da sunan wurin, mu fara haɗa jerin tare. Ku tura wa kansilanku wannan rubutu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da ambaliya, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙauyukanmu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.