Gani Ya Kori Ji? Amanar Labarin Matafiyi da Hotonsa a Ƙasar Gumel



An nemi in yi magana a kan doguwar tafiya, da yadda wanda ya yi ta yake isar da labarinta da hotunanta ga mutanen da ya bari a gida. Na zaɓi in kafa misalaina a ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, domin ƙasa ce ta bakin hanya tun zamanin da. A da, mai zuwa Barno daga Kano ta nan yakan ratsa, ga kuma Damagaram a arewa. Abin da nake so in tabbatar a wannan lacca guda ɗaya ne: labarin tafiya amana ce a wuyan matafiyi, hoto kuwa ba ya sauke wannan amana sai an haɗa shi da magana tabbatacciya.

1. Baƙon da ya ga Gumel sau biyu

Bari mu fara da wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim daga 1850 zuwa 1855. A watan Maris na 1851 ya baro Kano zai tafi Kukawa, ya sauka a Gumel, a zamanin Sarki Ɗan Tanoma. Ya tarar da gari cike da jama'a, kasuwa tana ci, ya kuma rubuta cewa Gumel ita ce babbar kasuwar kanwa tsakanin ƙasashen Barno da Nufe. A nan ne ma wasiƙun gida suka riske shi bayan ya daɗe bai ji ɗuriyar kowa ba.

Da Barth ɗan kwana bakwai ne a ƙasar nan, da labarin Gumel ya tsaya a nan. To, amma tafiyarsa doguwa ce. Ya je har Tambutu ya komo, ya sake biyowa ta Gumel a ƙarshen 1854. A wannan karo sai ya iske garin ya yi zuru, jama'a sun watse, saboda rikicin gadon sarauta da ya biyo bayan rasuwar Ɗan Tanoma. Gari ɗaya, mutum ɗaya, tsakani bai cika shekara huɗu ba, amma labari biyu. Wannan ita ce fa'idar doguwar tafiya a kan gajeruwa. Mai wucewa yana ganin wuri a rana guda ya ɗauka haka yake kullum, wanda ya daɗe kuwa yana ganin juyin zamani a kansa.

Littafin Barth ya fito cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858. Yana ɗauke da hotuna, amma ba na kyamara ba ne. Barth ya zana abin da ya gani da hannunsa, sa'an nan wani mai zane, Bernatz, wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, ya gyara zanen ya sa masa launi a can Turai. Saboda haka masana tarihi sun fi dogara da rubutun a kan hoton. Dalili kuwa, Barth yakan rubuta rana da wata, da sunan ƙauye, da tsawon zango, da kuɗin kaya a kasuwa. Waɗannan ƙananan abubuwa, waɗanda mai son burge jama'a yake tsallakewa, su ne suka sa har yau ake buɗe littafin.

2. Bahaushe ya ba da nasa labarin

A cikin ayarin da ya biyo ta Gumel a 1854 akwai wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, daga wajen Kance. An kama shi bawa yana ƙarami, abokin tafiyar Barth mai suna Overweg ya 'yanta shi, bayan rasuwar Overweg a 1852 ya koma hannun Barth. Ya bi shi Tambutu, ya ƙetare Sahara da shi, ya isa Ingila a 1855. A can ya zauna da wani malamin mishan, Schön, ya yi ta ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, shi kuwa yana rubutawa. Labarin ya fito a cikin littafin Magana Hausa a 1885, daga baya Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara shi da Ingilishi a 1971.

Abin sha'awa ga labarin Dorugu shi ne ya juya madubin. A nan Bature ne abin kallo. Dorugu ya bayyana teku da jirgi, da yadda Turawa suke zaman cin abinci, da idon yaron da bai rena gidansu ba. Bai kuma ɓoye wuya ba: ya faɗi yunwa, ya faɗi bauta, ya faɗi rabuwa da iyaye. Ba shi da hoto ko ɗaya, amma mai karatu yana ganin hanyar.

Bayansa da shekaru masu yawa, Alhaji Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila a 1943 tare da wasu editocin jaridun Afirka ta Yamma, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Da ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya fito a 1944. Malam Aminu Kano shi ma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Sunayen littattafan nan kaɗai sun isa su nuna mana yadda marubutan suka ɗauki al'amarin: wanda ya je ya gano, bashi ne a kansa ya koyar da wanda bai je ba.

3. Waɗanda suka tafi ba a rubuta ba

To, sai dai waɗannan 'yan ƙalilan ne. Matafiyan ƙasar Hausa na ainihi ba su bar mana takarda ba. Akwai fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, waɗanda sukan share watanni a hanya. Akwai alhazan ƙasa, waɗanda sukan bi ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, suna tafe suna noma da ƙodago don samun guzuri, wasu su shekara biyar, wasu goma, wasu kuma su zauna a Sudan har abada. Garin Mai Wurno da ke bakin Kogin Nilu, inda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903, shaida ne a kan haka. Akwai 'yan ci-rani masu gangarawa kurmi da zarar an kawar da amfanin gona. Akwai masu raƙuma da shanu da suke cika kasuwar Maigatari kowace Alhamis daga cikin Jamhuriyar Nijar.

Dukan waɗannan sun ba da labari, amma a zaure suka bayar, da baki, bayan sallar lisha. Labarin zaure kuwa yana da wata fa'ida da ya kamata mu lura da ita. Mai ba da shi yana zaune a gaban mutanen da suka san shi, suka san ubansa. Idan ya ƙara gishiri, akwai wani tsoho a gefe da ya taɓa bin hanyar, zai yi gyaran murya. Ana iya tambayarsa nawa ya kashe, wa ya mutu a hanya, me ya sa ya komo da rama. Illarsa ita ce, ranar da tsohon ya kwanta dama, labarin ya bi shi kushewa. Ga shi mun san abin da ake sayarwa a kasuwar Gumel a 1851 daga bakin baƙo, amma labarin alhajin ƙasa na Gagarawa ko Sule Tankarkar, wanda ya taka Sudan da ƙafarsa, yana neman ya ɓace mana.

4. Zuwan hoto

Hausawa suna cewa gani ya kori ji. Karin maganar nan an yi ta ne a lokacin da gani yake nufin mutum ya je da kansa. Hoto ya shigo da wani irin gani na dabam, watau gani da idon wani. Mai ɗaukar hoto shi yake zaɓar inda zai tsaya, da abin da zai shiga, da abin da zai bari a waje. Kowa ya san hoton alhaji na gidan mai hoto, inda ake tsayawa gaban zanen masallaci a jikin labule. Wannan ba ya cutar da kowa, domin kowa ya san labule ne.

Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma aka sami waya mai kyamara da dandali irin su Facebook, al'amarin ya sake. Yaron da ya bar Maigatari yana iya aiko da hotonsa daga Agadas ko Tarabulus ko Jidda kafin ya wanke ƙurar hanya. Wannan ci gaba ne babba, uwa tana ganin ɗanta, hankalinta ya kwanta. Amma ku dubi abin da ake aikowa. Saurayi ya jingina da motar da ba tasa ba, ya tsaya ƙofar benen da ba a nan yake kwana ba. Ba ya ɗaukar ɗakin da suke cunkushe su goma sha biyu, ba ya ɗaukar ranar da aka hana shi ladan aikinsa. Kunya ce take sa shi haka, ba mugunta ba. Ƙanensa kuwa yana gida yana kallo, babu tsohon zaure da zai yi gyaran murya. An manta cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a cikin hamadar Nijar kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Da yawansu mutanen Kance ne, ƙasar su Dorugu, maƙwabtanmu na kusa. Talauci da ƙarancin abinci ne suka fitar da su daga gida. Amma mutum ba ya ɗaukar 'ya'yansa ya shiga Sahara sai ya ji labarin samu a wancan gefe. Labarin wanda ya samu yana isowa gida da sauri, har da tsaraba. Labarin wanda ya halaka ba shi da mai kawowa.

5. Abin da ya kamaci matafiyi da mu

Daga waɗannan misalai ina ganin za mu iya fitar da ƙa'idoji kaɗan ga duk mai son raba labarin tafiyarsa da jama'a, ko a littafi, ko a jarida, ko ta waya.

Da farko, kowane hoto ya zo da wuri da rana da bayanin abin da ke ciki. Hoton da ba shi da waɗannan, bayan shekara ashirin ko mai shi ba zai iya ba da shaida a kansa ba.

Na biyu, a faɗi kuɗi, a faɗi wuya. Nawa ne kuɗin mota, kwana nawa aka yi, wace takarda aka nema a kan iyaka, me aka ci, ina aka kwana. Wanda ya nuna daɗin tafiya ya ɓoye kuɗinta ya ci amanar mai sauraro.

Na uku, a kiyaye mutuncin wanda ake ɗauka. Mun daɗe muna ƙorafin baƙin da suke zuwa su ɗauki almajiranmu da marasa lafiyarmu ba da izini ba. Bai kamata mu je ƙasar wasu mu yi musu haka ba.

Na huɗu ya shafe mu, mu malamai da ɗalibai. Wayar da take ɗaukar hoto tana ɗaukar murya. Ɗalibin Hausa na Kwalejin Ilmi ta Gumel, ko na Jami'ar Bayero, in ya je hutu, yana iya zama da tsohon falke ko tsohuwar da aka haifa a hanyar Makka, ya naɗi labarinsu, ya rubuta shi kamar yadda suka faɗa, ya ɗauki tsofaffin hotunan da ke cikin adakarsu tare da sunayen waɗanda ke ciki. A ajiye kofe a ɗakin karatu na makaranta, ko a Gidan Arewa da ke Kaduna. Abin da Schön ya yi wa Dorugu ke nan, mu kuwa mun fi shi jin harshen.

Kammalawa

Tafiya mabuɗin ilmi ce, amma mabuɗi ba ya amfanar wanda ke gida sai an miƙa masa shi yadda yake. Mun ga Barth ya amfane mu domin ya rubuta rana da suna, ya kuma faɗi lalacewar gari kamar yadda ya faɗi bunƙasarsa. Mun ga Dorugu ya amfane mu domin bai ɓoye wuyar da ya sha ba. Kayan aikin da ke aljihun 'ya'yanmu a yau sun fi nasu nesa ba kusa ba. Abin da ya rage shi ne mu koya musu cewa mai aiko da hoto shaida yake bayarwa, kuma akwai wanda zai ɗaura kayansa ya kama hanya a kan wannan shaida.

 Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo mana da su lafiya.